Bakan da Aka Ɗaure ta Inda Ya So

Kakata Inna Hurera 'yar Kalmalo ce, matar maharbi. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu a Illela da tabarma, da tukunya, da bakansa wanda ta rataye a bango ba tsarkiya. Bayan magariba takan hura wuta da karan gero ta gasa gwiwoyinta, mu jikoki mu kewaye ta.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "mai gyangyaɗi shi tai ɗakin uwa tai."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta ɗan maharbin da ya gaji kwari da baka. Wajen zaɓen kibiya ba shi da laifi. Yakan kanne ido ɗaya ya bi kyauron da kallo, ya mirgina shi a tafin hannu, mai karkata ya jefar. Amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda ubansa ke ɗaura tsarkiya ba. Shi kuwa irin wannan baka, in an kwance shi, kawunansa biyu baya suke komawa. Sai yaro ya ɗaure shi ta gefen da ya lanƙwasa da kansa, ko gumi bai yi ba. Ranar da kura ta shigo garken gari, ya ja ya saki, kibiya ta faɗi a gaban ƙafarsa. Kura ta tafi da maraƙi.

Na ce, "To Inna, laifin kibiyar ne?"

"Mi kibiya ta yi, mai gidana? Ba a ɗaure baka ta inda ya so. Sai ka gasa shi ga wuta, ka shahe shi da mai, ka kahwa mai gwiwa ka maishe shi inda bai so. Nan ƙarhi nai yake."

Yau shekaruna sun kai na mijinta lokacin da ya rasu. Ina wuni ina loda buhunan albasa, in dawo bayana kamar an daka. Ɗana Bashiru ya ajiye karatu, ya ce jarkokin mai zai riƙa kaiwa Konni a babur ta hanyar daji. Abokinsa da ya riga shi farawa, da sanda yake tafiya yanzu. Ina tsoro, kuma na gaji da magana. Maƙwabta suna cewa in bar shi, ai can zuciyarsa ta karkata.

Inna ta koya mini gefen da ake ɗaurewa, Allah ya jiƙanta. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda mutum zai yi in gwiwar tasa ce ta mutu. Gobe Bashiru zai yi sammakon farko. In ya fito zaure, zai tarar da ni zaune a kan babur ɗin.