Sifana a kan Ɗaki na Uku

Ranar Litinin aka sa za mu miƙa gidan.

Gidan baƙi ne mai ɗakuna huɗu a unguwar Mayo Gwoi, muna saukar da baƙi na kwana ɗaya, kwana uku, wani lokaci har mako. Ginin haya muka kama, amma gadaje da labulaye da janareto, da sunan da muka yi a manhajar da baƙi ke kama ɗaki ta waya, duk namu ne. Shekara uku muna yi. Maigidana yana tafiya ofis, ni ke shara da wankin zannuwan gado da tarbar baƙi, 'yata goye a bayana. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Yola, sai ya ce mu sayar da sana'ar gaba ɗaya. Wadda ta saya 'yar Wukari ce, ta yi ritaya daga aikin gwamnati, kowa Madam yake ce mata. Tana magana a hankali, amma idonta ba ya tsallake komai.

Ɗaki na uku ne damuwata.

Akwai wani dattijo Bafulatani daga wani ƙauye gaba da Lau, yana kawo matarsa asibiti kowane wata. Ni Baba nake ce masa, ita kuma Inna. Ciwon suga ya cinye mata ido, ƙafarta ɗaya a kumbure. Talatar farko ta kowane wata suke zuwa, su kwana, Laraba da sassafe su ga likita su koma. Ɗaki na uku ne kaɗai ba shi da matakala, kuma bayinsa na zama ne. Ba su san manhaja ba, garinsu ma waya ba ta shiga. Zuwa kawai suke yi, su biya a hannu, Inna ta miƙo min man shanu a ƙaramar roba.

Don kada wani ya kama ɗakin a ranar, sai in rufe shi a waya. Sau ɗaya maigidana ya nuna min yadda ake yi. In ka rufe, tana tambayar dalili da Turanci, da ƙananan hotuna a gefe. Karatuna bai kai can ba, amma na ga hoton sifana, na kuma san sifana, don mahaifina gyaran keke yake yi. Ita na danna a watan farko, ɗakin ya rufu. Tun daga nan ita nake dannawa, ban taɓa tambayar me take nufi ba.

Tun farkon ciniki Madam ta faɗi dokarta: ba wanda zai kwana a gidanta sai ya kama ɗaki ta waya, ya nuna katin shaida. Na ce wa maigidana mu gaya mata zancen su Baba. Ya ce in bari a sa hannu tukuna, mace ce mai bin diddigi, kada mu ɗauko abin da zai ɓata ciniki ga shi mun riga mun ɗaure kaya. Na bar zancen. Amma na duba kalanda, washegarin miƙa gidan ita ce Talatar farko, ba ni kuma da hanyar aika musu saƙo.

Litinin da hantsi Madam ta iso, ba ita kaɗai ba, da mai gyaran famfo. Ba ta zauna ba. Kai tsaye ɗaki na uku ta nufa. Mutumin ya buɗe famfo ya rufe, ya ƙwanƙwasa bango, ya hau kujera ya leƙa silin, ya ja gado ya shinshina ƙasa. Ina tsaye a bakin ƙofa, 'yata tana jan ɗankwalina. Mutumin ya ce bai ga komai ba. Madam ta ce ya sake dubawa.

Daga nan ta fito falo, ta ajiye wayarta a kan tebur kusa da takardun da ba a sa wa hannu ba. Ta dinga jan allon da yatsa, wata bayan wata, kowanne da 'yar sifanarsa.

"Oga," ta ce wa maigidana, "ɗakin nan kowane wata gyara, kowane wata gyara. Shekara biyu da rabi. Mene ne ya lalace da ba ku gaya min ba?"

Sai a lokacin na san abin da hoton yake nufi. Maigidana ya karɓi wayar yana kallo. Ya san ina rufe ɗakin, amma bai taɓa duba dalilin da nake sawa ba. Ya fara cewa ai ƙananan abubuwa ne, kwan lantarki, makulli. Madam ta tura takardun gefe, ta ce ita ba ta sayen abin da aka ɓoye mata, ta ɗauki jakarta.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, "Madam, ɗakin lafiyarsa lau. Ni ce. Ni na danna."

Maigidana ya kalle ni, ban kalle shi ba. Na faɗa mata komai, ina haɗa magana da magana: Baba, Inna, ƙafar, matakalar, sifanar mahaifina. Mai gyaran famfo ya yi dariya, Madam ta juyo ta kalle shi, ya fita waje.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na san sunan ƙauyensu, na faɗa. Ko na taɓa ganin katinsu, na ce a'a. In wani abu ya sami tsohuwar a ɗakin, wa zan kira? Na ce ba ni da lambar kowa nasu. Ta ce wannan shi ne abin da ba ta so, kirki babu tsari. Sannan ta ce jiya da aka ba ta lambar shiga manhajar ta cire rufewar da na yi wa ɗakin a waya don ta gani, wani ma'aikaci mai zuwa taro daga Abuja ya riga ya kama shi na kwana uku, daga gobe.

"To su ina za su kwana?" na ce.

"Ke kika san su, 'yata. Ni ban san su ba."

Ta sa hannu a takardun. Maigidana ya miƙa mata makullai, ta gwada kowanne a ƙofarsa. Da za mu fita ta ce in na ga dama in zo gobe, ba ta yi alkawarin komai ba. Da muka kusa gida maigidana ya ce da na ɓata cinikin da me za mu je Yola. Na ce ban sani ba.

Talata tun kafin azahar ina ƙofar gidan. Ban ƙwanƙwasa ba, gidan ba namu ba ne kuma. Na tsaya ƙarƙashin mangwaron maƙwabta ina jijjiga 'yata, duk keke mai ƙafa uku da ya shigo layin sai in leƙa cikinsa. Na yi ta tunanin inda zan kai su. Namu ɗakin duk kwalaye ne, katifa ma an naɗe.

Bayan la'asar suka iso. Baba ya sauko da Inna a hankali kamar kullum, ta riƙe kafaɗarsa. Na tare su, na fara bayani, Hausarsa kaɗan ce, Fulatancina bai kai ba. Ya dai gane gida ya canza hannu. Ya tsaya da ledar magani a hannu. Inna tana ta tambayarsa me ya faru, me ya sa ba a shiga.

Madam ta buɗe ƙofa. Ta daɗe tana kallon ƙafar Inna. Ta tambayi Baba ko yana da kati. Ya laluba aljihu ya zaro katin zaɓe a naɗe cikin leda. Ta ɗauki hotonsa. Ta tambayi wa za a kira in wani abu ya faru, ya ce yana da ƙane mai sayar da shanu a kasuwa, ya haddace lambarsa. Ta kira a gabanmu, sai da ƙanen ya ɗauka ya tabbatar.

Sannan ta juyo gare ni ta ce ta kira mutumin Abuja da safe, ya yarda ya koma ɗaki na ɗaya, da ƙyar, sai da ta haɗa masa da karin kumallo. Ta ce wata uku za ta gwada, in sun saɓa rana sau ɗaya ba tare da ƙanen ya kira ba, shi ke nan. Baba ta miƙa wa makullin, ba ni ba. Na yi niyyar bin su ciki in gyara wa Inna filo, Madam ta ce, "Bari, zan yi."

Yanzu watanmu biyar a Yola. Talatar farko ta watan farko na kira ta, ta ce sun zo. Wata na biyu na kira, ta ce sun zo, suna cin abinci. Na uku ya wuce, a na huɗu na sake kira.

"Suna nan," ta ce. "Ki bar kira haka, Maman yarinya. Baƙina ne."