Farfesan da Bai Taɓa Kaiwa Kofi na Uku Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Baba Dakta, kuma bana da ƙona ƙafata na tuna da shi. Ranar da aka yi masa addu'a ce, zaurenmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya cika, na ce bari in nuna wa baƙi cewa ni ma jikan gida ne. Na ɗaga butar shayi can sama yadda Buzaye ke yi don ya yi kumfa. Ni na nufi kofi, shayin ya nufi babban yatsana. Ihun da na yi, ina jin har Unguwa Uku sai da aka leƙo. Da yana raye, da ya yi mako yana ce mini, "Ragon maza, buta ma ta kayar da kai."

Malamin jami'a ne. Ya ƙare rayuwarsa yana binciken zaman Najeriya da Nijar: fatauci, auratayya, siyasa, da yadda iyaka ta raba dangi ɗaya gida biyu. Amma ofishinsa na gaskiya tabarma ce a ƙofar gida, gefen amininsa Baba Agali, mutumin Nijar da ke gadin layinmu tun kafin a aurar da babata. Shayinsu zagaye uku ne. Na farko ɗaci kamar maɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi. Dokar Baba Dakta ita ce ba a yi wa mutum tambaya sai an kai na uku. Wanda ya tashi a na farko, in ji shi, Dala ya hango, bai shiga birni ba.

Cikin ɗalibansa akwai wanda yanzu ya zama Farfesa. Ban taɓa ganin ya kai kofi na biyu ba. Kullum yana kurɓa ɗaya zai dubi agogo, ya ce akwai taro. Yau shi ne gwanin harkar iyaka. Ka kunna rediyo, shi ne. Ka kashe, ina jin ko a cikin tukunyar tuwo za ka ji muryarsa yana cewa ya san manya a nan, ya san manya a can. Babbar rigarsa kaɗai ta isa a yi wa Tarauni rumfa.

To, bayan Baba Dakta ya rasu sai aka rufe iyaka. A daidai lokacin aka aiko wa Baba Agali cewa matarsa tana kwance ba lafiya a can Nijar, tana kiran sunansa. Matasa suna bi ta daji a kan babur, amma shi tsoho ne, gwiwarsa ko hawa Adaidaita ba ta so. Abin da yake nema ɗaya ne: ya ga matarsa tana da rai.

Kakata Hajiya ta kira ni. "Maigida, sa takalminka ka je wa Farfesa. Ka ce matar malaminsa ce ke roƙo."

Na je. Ya ji ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan idonsa ya yi haske. "Yaro, ka ce matarsa na can, shi yana nan? Ai irin wannan muke nema!"

Na dawo da murna, na ce wa Hajiya an gama. Ashe ba mu ba ne za a taimaka wa, bincike ne.

Ya aiko ɗalibai biyu da ruwan gora a hannu. Baba Agali ya shimfiɗa musu tabarma, ya hura gawayi. Kafin ruwa ya tafasa sun kanga masa waya a baki: "Baba, ya kake ji game da rufe iyaka?" Ya ce, "'Ya'yana, ku sha tukuna." Suka kurɓi na farko, suka yatsine fuska kamar an ba su maganin zazzaɓi, suka ce za su dawo. Har yau suna hanya.

Nakan tambayi kaina me Baba Dakta zai ce da wannan zamani, da ake binciken maƙwabta daga ɗakin otal mai sanyi. Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ma ba shi da mabuɗin iyaka. Amma na san da ya tura akwalar motarsa ta tashi, ya sa Baba Agali a gaba, su je bakin shingen su kafa buta, su yi ta ba jami'ai shayi har ɗaya ya ji kunya. Ko da an koro su, ai sun je. Zumunta a ƙafa take, ba a lasifika ba.

Ranar addu'ar nan Farfesa ya zo. Ya yi jawabi cewa shi ne magajin marigayi, ya share idon da babu hawaye, ya karɓi kofi ɗaya, ya dubi agogo. Hajiya daga bayan labule ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Farfesa. Ai mun san akwai taro."

Littattafan kakana suna jami'a, ana ɗibar abin da ake so a cikinsu. Mu abin da ya rage mana shi ne tabarmar nan, da dokar kofi uku, wadda har direbobin layinmu sun sani. Allah ya jiƙansa.

Matar Baba Agali ta rasu kafin a buɗe iyaka. A zaurenmu ya karɓi gaisuwa. Da aka buɗe ya tafi, bai dawo ba. Butarsa ce ya bar mini.