Kwana Huɗu da Injin Wanki Ya Tsaya

Injin wankin gidanmu na Unguwar Dosa na hannu ne, daga Turai aka shigo da shi, irin mai ƙofar gilashi a gaba. Ni na saye shi, wata biyu bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifina. Baba ya daina iya riƙe fitsari, wani lokacin har da bayan gida, kuma zannuwan gadonsa sukan kai uku a yini. Mai wankin layinmu gida-gida yake bi, abin da ya gani a nan da safe, kafin la'asar ya isa can. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana aikin gwamnati, da farar riga mai sitaci aka san shi. Ya ce ko matata bai yarda ta ga shimfiɗarsa ba. Saboda haka wankin ya koma hannun Inna ita kaɗai, ita da injin, a ɗan ɗakin da ke jikin nasa.

Wata Litinin a tsakiyar damina Inna ta tare ni zan fita aiki. Injin ya ɗebi ruwa, ya yi yunƙuri sau biyu kamar zai juya, sai ya tsaya. A ƴar tagar da ke nuna lokaci, harafin F da lamba biyu ne ke ƙiftawa. Ƙofar ta kulle kanta, zannuwa biyu na ciki a jiƙe.

Na zare filogi, na jira, na mayar. Harafin ya dawo. Na ɗauko littafin da ya zo da injin, da Jamusanci aka rubuta shi. Fassarar labarai daga Turanci ne aikina, Jamusanci kuwa ban san ko gaisuwarsa ba. Na dai sami lambar a wani jadawali, kuma a layinta kalma ɗaya na gane: moto, wato abin da ke juya gangar wankin.

Bango ɗaya ne tsakanin gadon Baba da injin, don haka ya ji shirun kafin a gaya masa. Da Inna ta kai masa koko ya kawar da kai. Ta kai ruwa, ya rufe baki. Maganinsa da cokali ɗaya na ruwa ya haɗiye. Ba mu tambaye shi dalili ba, mun sani. Idan bai sha ba, ba zai jiƙa zani ba.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijo Bakatsine a Kurmin Mashi, mai naɗin wayar fanka da injin jan ruwa. Na same shi a rumfarsa cikin tulin fankoki. Ya ce bai taɓa buɗe injin wanki mai rubuta lamba ba, amma moto duk moto ne. Ya zo ranar Talata da hantsi, da jakar kayan aiki da mitarsa mai allura.

Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Ba za a buɗe gaban injin nan da baƙo a wurin ba," ta ce da ni, ba ta dube shi ba.

"Hajiya, ni ta baya nake shiga," in ji shi. "Ba ruwana da gaba."

Amma ba ya iya karkata injin da ruwa a cikinsa. Ya durƙusa, ya kwance wani murfi a ƙasa, ruwan kwana ɗaya ya kwararo cikin roba. Warin ya cika ɗakin. Fuskarsa ba ta ko motsa ba. Ya nuna mini wata ƴar igiya kusa da murfin.

"Yallaɓai, in ka ja wannan ƙofa za ta buɗe. Ni zan je in duba babur ɗina, kamar ban kulle shi ba."

Ya daɗe wajen babur ɗin. Sai da Inna ta kwashe zannuwan, ta wanke robar, sannan na kira shi.

Ya cire bayan injin. A jikin ƙarfen akwai takarda mai zanen wayoyi, ya bi ta da yatsa bai karanta ko kalma ba. Ya fara da bel ɗin da ke haɗa moto da ganga, ya ja ya saki, ya ce lafiyarsa lau. Ya juya gangar da hannu, ta juya ba gargada. Ya sauke moton, ya zaro gawayi biyu da ke gogar cikinsa, ya gwada tsawonsu da farcensa, ya ce da sauransu. Ya ɗora mita a kan manyan wayoyi, allura ta motsa yadda yake so. Sannan ya juya moton ta wutsiya, inda wani ɗan naɗin waya yake kamar zobe. Ya ɗora mita. Allura ba ta motsa ba.

"Ga ɓarawon," ya ce. "Wannan ne ke ƙirga juyin moto yana gaya wa ƙwaƙwalwar injin. Ya yi shiru, ita kuma ta ɗauka moton ya mutu, ta tsai da komai."

Ya kankare zoben da ƙaramin sukundireba, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya leƙa cikin injin, ya shafa ƙarfen sama, ya dubi yatsansa. Ya ce wannan ba ruwan da ke yoyo daga ciki ba ne, daga sama yake sauka.

"Wa ke yi wa injin nan wanka?"

Inna ta ce ita ce. Ta faɗa ba tare da jin ta yi laifi ba. Najasa na shiga injin, hannunta mai najasa na taɓa murfinsa da maɓallansa, kuma a cikinsa ake wanke rigunan sallar Baba da dardumarsa. Don haka duk ƙarshen wanki takan kwarara masa bokiti ta kai, har ruwan ya bi baya da gefe, sannan ta bi ƙasa. Wata bakwai tana haka, kullum.

"Hajiya, ko ni da nake zuwa Juma'a ba na samun wankan da injin nan ke samu."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi kwana nawa. Ya ce zai nemi sabon zobe a Babbar Kasuwa, in an dace gobe. In ba a dace ba sai ya naɗa da hannu, wayar kuwa ta fi gashi siranta.

Ba a dace ba.

A kwanakin nan Inna ta koma wanki da hannu a banɗaki. Tana iya cuɗawa, amma wuyan hannunta ba ya iya matse babban zani. A tsakar gida ba ta shanya, saboda benen maƙwabta na kallonmu, ga ruwa ba ya ɗaukewa. Sai ta rataya su a ɗakin Baba, a kan kujeru da ƙofar kabad, ta kunna fanka. Yana kwance yana kallonsu suna ɗiga.

Ranar Laraba leɓɓansa suka tsage. Na zauna bakin gadon da kofi.

"Baba, ko kurɓi biyu."

"An gyara?" Maganarsa a karkace take fita tun ciwon, amma na ji.

"Gobe, in Allah ya yarda."

"To goben."

"Ni zan riƙa wankewa. Ba wanda zai sani."

Ya juya fuskarsa ga bango da ɓarin da ke motsi. "Ban haife ka don wannan ba."

Na yi tunanin kai shi asibiti a ranar. Na bari, don na san zai ƙi, kuma na ɗauka kwana ɗaya ba zai yi komai ba.

Dattijon ya dawo Alhamis bayan azahar da zoben a naɗe cikin takarda, sabuwar waya na sheƙi. Ya haɗa komai, sai aka tarar an ɗauke wuta. Muka zauna a zaure kusan awa biyu, yana ba ni labarin fankoki, ni hankalina na ɗaki. Da aka kawo wuta ya kunna injin babu kaya a ciki. Ya ɗebi ruwa. Tagar ta nuna mintuna, babu harafi. Gangar ta juya dama, ta tsaya, ta juya hagu.

Dattijon ya ce da Inna daga yau tsumma mai damshi kawai. Ta tambaye shi ko tsumma na kawar da najasa.

"Wannan sai malamai, Hajiya. Ni dai na san bokiti na kawar da moto."

Da injin ya kai ga matsa, bangon ya ɗauki rawarsa, Baba ya nemi ruwa. Ya sha rabin kofi, ya amayar. Ya sake sha, ya sake amayarwa. Jikinsa ya yi zafi, kuma har wayewar gari zaninsa a bushe yake. Da safiyar Juma'a muka kai shi asibiti, wannan karon bai iya musu ba. Likita ya ce rashin ruwa ya taɓa ƙodarsa, ya tambaye ni kwana nawa ya yi bai sha ruwa ba, na faɗa masa, ya dube ni.

Babban ɗaki aka ba shi, mai gadaje a jere. Aka sa masa robar fitsari, jakarta a rataye gefen gado, ma'aikatan da bai sani ba suna sauya masa shimfiɗa da labule rabi a buɗe. Bayan an sauko daga masallaci mutanen layinmu suka zo dubiya, su shida, cikin manyan riguna. Suka tsaya ta gefen da jakar take, don nan ne da fili. Baba ya rufe ido tun da ya ji muryoyinsu a ƙofa. Na ce musu barci yake. Suka yi addu'a a hankali don kada su tashe shi, hannunsa mai lafiya kuwa yana damƙe da bakin zani har suka fita.