Zaharaddin da Kwamfutar da Ta Gaji

A Gidar aka haifi Zaharaddin, a gidan mahauta, amma wuƙa ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Tun yana ƙarami idonsa na kan titi, yana bin manyan motoci da kallo har su narke cikin zafin rana. Da gemu ya fara tsiro masa sai ya sauko Garuwa, ya hau moto, wato babur, ya shiga ɗaukar fasinja. A kan moton nan ya yi aure, a kansa ya ciyar da 'ya'ya, a kansa furfura ta same shi.

Abokan aikinsa sun fi saninsa da turi. In man wani ya ƙare a hanya, sai wani ɗan moto ya zo ta baya, ya ɗora ƙafa a matakin fasinja na mataccen moton, ya yi ta tura shi da ƙarfin nasa injin har gidan mai. Zaharaddin ya tura mutane da yawa a kan gadar Binuwai, bai taɓa tambayar sunan kowa ba. A ganinsa haka duniya take tafiya: duk abin da ya gaji, sai a jingina masa mai ƙarfi.

'Yarsa Raihana tana jami'a a Ngawundere, tana karatun taswira. Aikinta na ƙarshe shi ne taswirar inda kogin Binuwai yake malala a Garuwa da damina. Sai tsohuwar kwamfutarta ta fara gardama. Da ta buɗe taswirar sai ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta kuka, ta mutu. Mako mai zuwa za ta tsaya gaban malamai, in taswirar ba ta buɗe ba, shekarar ta tafi a banza. Ta naɗe kwamfutar a zane, ta ba wani direba ya kawo wa babanta.

Zaharaddin ya ji an ce kowace kwamfuta tana da 'yar ƙwaƙwalwa mai yin lissafi. Ya roƙi wani maƙwabci ya cire masa ta cikin wata matacciyar kwamfuta, ya ƙulle ta a hankici. Duk hanyar kasuwa yana ganin abin a ransa: 'yar ƙwaƙwalwar nan a bayan ta Raihana, ta miƙo ƙafa, suna tafiya tare a kan wata doguwar gada.

Blaise mai gyaran kwamfuta yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Zaharaddin ya ajiye masa kwamfutar, ya kwance hankicin a gabansa.

"Ɗana, ba sai ka taɓa ta ciki ba. Ka haɗa wannan ta waje da waya, ta riƙa tura ta."

Blaise ya yi dariya. "Papa, so kake in mai da kwamfuta 'yar moto?"

"Me ya raba su? Duk ƙarfe ne da zafi."

Blaise ya kwance bayan kwamfutar, ya nuna masa da tsinken sukurdireba. Ƙwaƙwalwar a manne take da allon ciki, hanyoyin da take magana da sauran sassa sun fi gashi siranta, ga su da yawa. "Babu wayar waje da za ta ɗauki wannan hirar," in ji shi. "Kafin taka ta ji tambaya, ta cikin ta manta abin da ta tambaya."

Zaharaddin ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ga kamar gari ne aka hango daga sama, da lunguna da rumfuna, ba kowa a ciki.

"To yanzu a bar yarinya a hanya ke nan?"

Blaise ya sa ɗan hantsaki a bakin fankar, ya zaro wani curin gashi mai kauri.

"A ina take ɗora ta?"

"A kan bargo, ina jin. Ngawundere akwai sanyi."

"Ai kuwa rabin bargon yana nan. Numfashi ne ya gagare ta, Papa."

Ya share fankar, ya kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, ya rufe. Ya ce bai yi alkawari ba, sai an gwada.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka buɗe taswirar. Da farko fari fat. Fankar ta ɗaga murya, Zaharaddin ya dafa gefen teburin. Can sai wani shuɗin zare ya ɓullo daga kusurwa, ya yi ta tahowa a hankali, yana lanƙwasa yana faɗi. Gonakin bakin ruwa suka biyo shi, sannan unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Ya gane kwanar da ruwa ke cinyewa duk damina, inda yake ɗage ƙafafu in zai wuce. Ashe yarinyar ta san wurin.

Taswirar ta cika allo. Suka jira ta mutu, ba ta mutu ba. Blaise ya sa tafin hannu a ƙarƙashinta, ya gyaɗa kai.

Zaharaddin ya laluba waya a aljihu.

"Raihana, ga koginki ina kallo."

"Duka, Baba? Har ƙasa?"

"Duka. Gobe da safe zan ba direba. Amma ki raba ta da bargon nan."