Jan Tabo a Ƙyallen Kamu

Wata Asabar a daminar 1998, ina aji huɗu, Mama ta ɗaga ƙyallen tace kamu a tsakar gidanmu na Akurba, ta ce in zo in gani. Wani tabo ne ya fito a gefensa, ja mai ɗan ruwan lemo, da santsi in an taɓa. Wankin ƙyallen nan aikina ne. Ita ke jiƙa masara, ta kai inji, ta tace, ni kuma in wanke ƙyalle da roba, in shanya a igiya kafin in ruga 'yar gala-gala da yaran layi. Maman Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Eggon, ta leƙo ta katanga ta yanke hukunci nan take: "Wannan yarinya ya goge hannun manja da shi." Na rantse ban yi ba. Mama ba ta doke ni ba, kallo ɗaya ta yi mini, amma daga ranar duk abin da na faɗa sai ta tambayi wani tukuna.

Abin ya ci mini rai, sai na huce a kan ƙyallen. Na dirje shi da sabulu har yatsuna suka yi fari, na ɗiga ragowar bilic, sinadarin cire tabo, a ruwa mai yawa don kada ya cinye zaren, na tsoma shi, na baza a inda rana ta fi zafi. Da la'asar ruwan sama ya sake jiƙa shi. Kwana uku, ga ja ya dawo, har ya fi na da. Kai! Mama ta ƙone ƙyallen, ta samo sabo, ta ba ƙanwata wankin. Ban yi murnar hutun nan ba ko kaɗan.

Sai a 2009, ina karatun ƙananan halittu a jami'a, na sake ganin irin jan a faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Malaminmu ya ce wani nau'in yis ne mai son danshi. In zafin rana ko sinadari mai ƙuna ya matsa masa amma bai kashe shi ba, sai ya ƙara yin launin don ya kare kansa, launi dangin na karas da manja. Ashe ni nake ta ƙara masa ja da hannuna.

Ina fitowa na kira Mama, na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wane ƙyalle kuma? Kin dai ci abinci ko?"

Yanzu kamu a leda nake saya, babu ƙyalle babu igiya, 'ya'yana ba su san ana tace shi ba ma. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran ta yarda da ni, ita kuwa ta manta ta taɓa zargina. Har yau na so a ce ta tuna.