Tsohon Sojan da Ke Tsare Mana Raga

Warin man goge takalmi ne ya tuno mini da shi jiya. Tsohon soja ne da ya ajiye bindiga ya koma tsaron raga. Har ya tsufa a garin Lanham na Amurka, ba ya shiga fili sai takalmin ƙwallonsa na ƙyalli kamar za shi fareti.

Wata Asabar dusar ƙanƙara ta rufe filin, duk muka lafe cikin motoci. Na leƙo na ce, "Baba, yau dai a haƙura."

Yana tsaye a raga, bakinsa na tururi, ya ce, "Ɗana, soja ba ya barin wurin gadi sai an canje shi."

Dole muka fito.

An canje ka, Baba. Na karɓi ragar, kuma ba inda za ni. Allah Ya haskaka kabarinka.