Tsoho Geng da Ginshiƙan Rumawa

Tsoho Geng mutumin Quyang ne, sassaƙar dutse ya gada kaka da kakanni. Da zakunan bakin ƙofa ya fara. Da arziki ya shigo ƙasar, masu hali suka daina son zaki, sai ginshiƙan Rumawa da gumakan Girkawa, don a san sun waye. Shekara talatin yana sassaƙa su daga hoton kalanda, shi da ko teku bai taɓa gani ba. Yakan ce, "Wai gunkin mace marar hannuwa shi ne mai daraja. Ni dai aiki ya ragu mini."

Na san shi ne bayan rasuwar 'yata Wenqiao, tana da shekara ashirin da uku. Yayana Zhenbang, mai kamfanin gine-gine, ya ce shi zai gina kabarin: ginshiƙai huɗu na farin dutse, irin na ƙofar gidansa, ya kuma ba Geng aikin. Matata ta ce ba ta yarda kabarin 'yarta ya zama wurin kallo ba. Ni ma haka, amma ban taɓa iya musa wa yayana ba.

Ranar awo muka haɗu a maƙabartar zuriyarmu. Geng bai nufi wurin Wenqiao ba. Kabarin mahaifinmu ya je, ya rusuna sau uku, ya auna dutsen da ke kan kabarin da igiya.

Zhenbang ya ce, "Tsoho, ɓatan hanya ka yi? Aikin yana can."

"Na gani, ranka ya daɗe. Dutsen marigayi kamu uku ne. Ginshiƙanka kamu bakwai."

"To, sai me?"

"Jika ta yi wa kakanta tsaye a ka? Haka ake yi a gidanku?"

"Rage musu tsawo mana!"

"Ginshiƙin Rumawa kamu biyu? Ai turmi ke nan. A yi dariya, a ce wa ya sassaƙa, a ce Geng."

Zhenbang ya daɗe yana kallon dutsen mahaifinmu. Can ya ce mini, "Ƙanena, ku yi yadda kuke so," ya nufi motarsa.

Baƙin dutse Geng ya yi wa Wenqiao, kamu biyu da rabi, sunanta da shekarunta kawai. Ni na rubuta haruffan, shi ya bi sawun hannuna, har inda ya yi rawa bai gyara ba. Da matata ta gani, ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a ƙasa kusa da dutsen.